Tseren Dusar Ƙanƙara a Garin da Babu Ƙanƙara

Sati biyu na ce wa maigidana zan yi a Guangzhou. Shekara tara ina bin wannan hanya, ina saro kayan yara a kasuwar Canaan ina kaiwa shagona a Kantin Kwari, har na kai ina yi wa sababbin zuwa dariya idan suka ɓace a tashar jirgin ƙasa. Da korona ta ɓulla aka rufe kasuwanni, masu hankali suka tattara suka koma gida tun jirage na tashi. Ni kuwa taurin kai ya hana ni. Na ce ba zan hau jirgi hannu rabbana ba, sai an buɗe na yi sayayyata. Ranar da aka buɗe kasuwa na gama ɗaure kayana, sai ga labari daga gida cewa an rufe filayen jirgin Najeriya.

Da farko abin bai dame ni ba sosai. Ina da ɗakin haya a wajen Sanyuanli, ina da shinkafa da man gyaɗa da yajin da na zo da shi. Sai magana ta fara yawo a gari cewa mu baƙar fata ne muke ɗauke da cutar. Mai kantin da nake sayen ƙwai a wurinsa shekara da shekaru ya hango ni ya ja ƙofa. Sau biyu aka zo aka zura mini tsinken gwaji a maƙogwaro, sau biyu takarda ta fito ba ni da komai. Duk da haka wata rana na dawo daga sayen albasa na tarar an canja kwaɗon ɗakina, akwatina a ƙasan bene. Na buga wa mai gidan waya, mutumin da na biya shi wata guda gaba, ya ɗauka ya ji muryata ya kashe.

Na ja akwati na fito titin Guangyuan. Titin da a da sai ka yi da gaske kake samun wurin sa ƙafa, ranar sai ni da wasu ’yan Afirka jefi-jefi, kowa da kayansa, kowa na kauce wa idon ɗan’uwansa. Otal huɗu na shiga. Kafin in buɗe baki sai a ɗaga mini hannu daga nesa, “Meyo, meyo,” wato babu. Masu tasi su rage gudu, su leƙo, su taka mota. Ni da nake da baki a kasuwa, ranar na zauna a kan akwatina ƙarƙashin gada na rasa inda zan nufa. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba, kuma ba mutuwa nake tsoro ba. Tsorona a zo da mota a kwashe ni a kai ni inda ba wanda ya sani, a gida a yi ta kiran wayata tana ruri.

Na kira Alhaji Mumuni, mutumin Kumasi da yake yi mini jigilar kaya zuwa Kano. Shi ma an kulle shi a gidansa, an manna takarda a ƙofa. Da Hausarsa ta Zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ya ce, “Hajiya, kar ka yi kuka. Zauna nan inda kake, zan aiko maka da Ayi.”

Na ce, “Wace Ayi? Mai ɗinkin dila?”

Ya ce, “Shi fa.”

Kunya ta kama ni a kan tsoron. Ayi wata tsohuwa ce da take ɗinke bakin dila da basilla a ma’ajiyar Alhaji Mumuni. Ayi ɗin ma ba sunanta ba ne, haka suke kiran mace babba, kamar mu ce gwaggo. Zuwana na baya na zazzage mata masifa a gaban mutane saboda wata dila da ta farke a hanya, har na ce hannunta ya tsufa. Ita ce ta zo da keken kaya mai ƙafa uku. Ta nuna mini bayan keken, na kwanta, ta lulluɓe ni da buhunan da babu komai. A lokacin kowace unguwa an toshe lungunanta an bar ƙofa ɗaya, da mai gadi da sandar tare hanya da wata ’yar na’ura da ake ɗora wa mutum a goshi a auna zafin jikinsa. Ina ƙarƙashin buhu na ji keken ya tsaya, na ji ƙarar na’urar a goshin Ayi, na ji an ɗaga sanda. Haka na shiga unguwarsu ba wanda ya san na shiga.

Ɗakinta ɗaya ne a hawa na biyar, a irin gidajen nan da suka matsu har za ka iya miƙa wa maƙwabci gishiri ta taga. Ta ba ni gado ta koma tabarma. Washegari ta dawo da sabuwar tukunya da sabon cokali, ta nuna tsohuwar tukunyarta ta yi gurnani irin na alade, ta kaɗa yatsa. Na gane nufinta, na juya baya don kar ta ga hawayena. Hirarmu da waya muke yi, ta faɗa waya ta mayar Turanci, in faɗa waya ta mayar mata, sauran mu cike da hannu.

Kwana ashirin na yi ban taka ko matakalar bene ba. In Ayi ta tafi aiki, ba na tari, ba na zuba ruwa a banɗaki, salla ma a ɓoye nake karatu ko ta bayyane ce. Duk takun da na ji a bene sai in ƙirga shi: hawa na biyu, na uku, na huɗu, in ya wuce huɗu sai in tashi in riƙe fasfo da takardar gwaji in tsaya bayan ƙofa. A ƙasa lasifika na yawo yana maimaita wata sanarwa da ban san me take cewa ba, ni dai a kunnena ni ake nema. Idan ’yata Zainab ta kira daga Kano, sai in gyara murya in ce ina otal, ga talabijin ga komai. Tana cewa, “Umma, me ya sa kike magana ƙasa-ƙasa?” sai in ce mura nake yi, sai kuma in yi sauri in ce ba mura ba ce. A haka azumi ya kama.

A bayan ƙofar ɗakin akwai wasu katakai biyu dogaye sirara, da wasu gajeru masu taya gaba da baya, da sanduna masu tsini. Na ɗauka kayan wani gado ne da ya karye. Wata rana Ayi ta sauko da su tana gogewa, ta nuna mini hotuna a waya. Ashe ita ba ’yar Guangzhou ba ce. Daga can ƙurya arewa take, inda dusar ƙanƙara ke rufe gari kusan rabin shekara. A garinsu kowace shekara mutanen gari suna shirya tsere, a ɗaura waɗannan katakai a ƙafa, a riƙe sanduna, a yi ta zamiya a kan ƙanƙara ta cikin gonaki da daji, yaro da babba. Tun tana budurwa take shiga, daga baya tare da mijinta, har ya rasu. Ko da ta dawo kudu neman abinci, duk shekara sai ta hau jirgin ƙasa ta je. Bana an hana taro, aka yi ta jira har ƙanƙarar ta narke. Shi ne masu shiryawa suka ce kowa ya yi nasa tseren a inda yake cikin mako guda, kilomita biyar, da katako mai taya ko da ƙafa, waya ta auna hanya da lokaci, a tura wa zauren hirar da mutanen garin ke yi ta waya.

Na ce, “To Allah Ya ba da sa’a,” ina shirin komawa kan tasbihina.

Ta sake yi wa waya magana ta miƙo mini. Akwai sharaɗi. Duk wanda ya haura shekara sittin ba a karɓar nasa sai da wani a tare da shi, yana binsa yana ɗaukarsa a waya, ko da zai faɗi. ’Yarta tana wani gari, ba hanya. Ta ɗago ta dube ni, ta nuna ni da sandar tseren da ke hannunta.

Na ce mata ba a san da ni a unguwar ba. Ta ce, “Kina da takarda. Ke ɓarauniya ce?” Na ce za a iya kama ta ita ma. Ta kaɗa hannu kamar mai korar ƙuda.

Da wani ne ba Bahaushe ba, da ya ce a’a ya huta. Amma yaya za ka dubi wanda ya bar maka gadonsa, ya sayo maka tukunya, bayan ka taɓa ci masa mutunci a bainar jama’a, ka ce ba za ka riƙe masa waya ba? Mu an rene mu da kara. Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya ta gida, ni kuwa duka biyun suka haɗu mini a ɗaki ɗaya, kuma kunyar ce ta yi nasara. Na ji bakina ya ce to. Da na faɗa wa Alhaji Mumuni sai ya yi salati ya ce, “Hajiya, ka haukace? Mutane na neman ramin shiga, kai kana neman tsere?”

Ranar tseren na yi dabara, ko abin da na ɗauka dabara ce. Na ce tunda fatata ce laifina, ba wanda zai ga ko ƙwayarta. Na sa doguwar riga, na ɗora baƙar abaya, na sa hijabi har gwiwa. Na sa takunkumi biyu, safar hannu, safar ƙafa mai kauri. A sama na kifa irin hular nan mai baƙin gilashi da matan China ke rufe fuska da ita saboda rana. Ayi ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce wani abu, waya ta fassara: “Zafi.” Na ce na saba, ni ’yar Kano ce. Ta san ba na cin abinci da rana, amma ba ta taɓa gane cewa har ruwa ba na sha ba, ni kuma ban faɗa ba don kar ta fasa saboda ni.

Fita ba a aunawa, muka wuce mai gadi yana rubutu. Da hantsi muka isa wata hanya mai kwalta a gefen magudanar ruwa. Ayi ta ɗaura katakanta, ta danna waya ta miƙo mini, ta kafa sanduna ta tura. Wallahi sai ga tsohuwar da na ce hannunta ya tsufa tana tafiya kamar ruwa ya ɗauke ta. Ni kuma a baya ina tiƙar sassarfa, hannu ɗaya waya, ɗaya ya tattare abaya. Rabona da gudu tun ina firamare. Wayar tana ta sako muryoyin mutanen garinsu, tsofaffi da yara, “Jayo! Jayo!” wato a ƙara ƙoƙari, wasu suna yin nasu tseren a harabar gida, wani ma a kan rufin bene yake zagaye. In ta yi nisa sai ta juyo ta zagayo ni ta sake wucewa tana dariya. Sau ɗaya na ji ni ma dariyar ta taso mini.

Dariyar ba ta daɗe ba. Wani mutum mai jan ƙyalle a damtse, irin na masu sa ido a unguwa, ya tsaya da kekensa yana kallonmu, na ƙara jawo hular na ƙara sauri. Motar ’yan sanda ta wuce a gada, na sunkuyar da kai har wayar ta koma ɗaukar kwalta. Zafin Guangzhou kuma ba irin namu ba ne, jiƙaƙƙe ne, kamar ka leƙa tukunyar dambu. Gumi ya cika safar hannuna, takunkumi ya manne mini a baki, gilashin hular ya yi hazo. Da aka cika kilomita biyar Ayi ta ɗaga sanduna sama tana ihu, ni kuwa ina ganin ta bibbiyu.

Sai da muka tunkaro ƙofar unguwa sannan na tuna da na’urar. Mutum shida ne a layi. Mai gadin wani magidanci ne mai furfura a gefen kai. Ya auna Ayi, na’urar ta yi ƙara ɗaya. Ya zo kaina ya nuna hular, na ɗaga ta kaɗan. Ya ga goshina, ya tsaya. Ya ɗora na’urar. Ta yi ƙara uku a jere, fuskar na’urar ta koma ja.

Layin ya watse kamar an jefa wuta. Wata mata ta fizge jikanta ta koma bayan rumfa. Mai gadin ya ja da baya taku uku, ya sa hannu a kan wayarsa ta oba-oba. Na san abin da ke biyo bayan wannan: mota, mutane masu fararen kaya, a tafi da ni, a kulle Ayi, a manna takarda a ƙofar duk benen saboda ni. Ina gudun gara na faɗa zago. Kayan da na jibga don kar a gan ni su suka dafa ni. Innalillahi kawai nake maimaitawa a zuci.

Ayi ta shiga tsakanina da shi da katakanta a hammata. Ban san me ta ce ba, amma na san faɗa in na ji shi, don sana’ata ce. Ta fizge wayar daga hannuna ta tura masa a fuska, ga zanen hanyar da muka bi, ga ita tana zamiya, ga nishina a bayan hoton. Ta zaro takardar gwajina ta buga a kan teburinsa. Ta nuna rana, ta nuna abayata, ta ja hijabina ta girgiza. Mutumin ya dubi waya, ya dubi takarda, hannunsa bai bar oba-oba ba. Can ya nuna wani benci a inuwa, ya ɗaga yatsu goma. Minti goma, a sake aunawa.

Na zauna. Ayi ta cire mini hular, ta zare takunkumi ɗaya, ta tuɓe mini safar hannu kamar ƙaramar yarinya. Kwana ashirin ina ɓoye wannan fata, ga ta yanzu a fili, mutanen unguwa sun yi da’ira daga nesa, wasu ta tagogi, wasu da waya a hannu. Matar nan mai jika ta turo gorar ruwan sanyi da ƙafarta, ta gangaro har gabana. Ayi ta buɗe ta kai mini baki. Na kau da kai, azumi nake yi. Ta sake kawowa, na sake kaucewa. Sai surutu ya tashi, don a wurinsu mai ƙishi ba ya ƙin ruwa sai in ciwo ya ci ƙarfinsa. Na ga mai gadin ya ɗaga oba-obar.

Na karɓi gorar. Ban yi shawara da kaina ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba yi da ruwa idan rana ta take tsaka. Na wanke tafin hannu sau uku. Na sauke takunkumi na kurkure baki na zubar, na shaƙa na fyace. Na wanke fuska, na naɗe hannun abaya na wanke damatsa har gwiwar hannu, ni da ban taɓa buɗe su a gaban wani namiji baƙo ba. Na zura hannu ƙarƙashin hijabi na shafi kai da kunnuwa, na tuɓe safa na wanke ƙafafu. Ruwan yana bin wuyana, ina jin zuciyata tana raguwa da bugu. Wani tsoho a cikin masu kallo ya faɗi wata kalma, mai gadin ya gyaɗa kai, da alama ya taɓa ganin Musulmin ƙasarsu suna haka.

Da lokacin ya cika ya taho, hannunsa a miƙe iya tsawonsa. Na rufe ido. Ƙara ɗaya. Bai yarda ba, ya ɗora a wuyan hannuna. Ƙara ɗaya. Ya koma teburinsa ya buɗe babban littafin mazauna unguwa, ya karɓi fasfona ya kwafi sunana harafi-harafi, ya tambayi Ayi lambar ɗaki ya rubuta a gefe. Ya faɗa wa wayarsa magana ya nuna mini: gobe za a zo a sake gwada ni a ɗaki, kar in fita sai sakamako ya zo. Sannan ya ɗaga sanda.

Ayi ta shige gaba, kai a sama, sanduna a kafaɗa, tana amsa wa maƙwabta magana ɗaya-ɗaya kamar wadda ta dawo daga biki. Ina binta ina jin haushin ƙarfin halinta, ina cewa a raina ita me ya dame ta, ƙasarta ce. Muka hau bene, na biyu, na uku, na huɗu. A ƙofar ɗaki ta ciro makulli. Ya faɗi. Ta ɗauka, ta kai bakin kwaɗo, ya ƙi shiga, yana ta ƙwanƙwasa ƙarfen. Sai a nan na gane ashe ita ma a tsorace take, daurewa kawai ta yi. Ta jingina da bango ta sulale ta zauna a ƙasa, ta kifa kai a gwiwa, kafaɗunta suna girgiza.

Na durƙusa na zare makullin daga yatsunta. Na ce, “Ayi, tashi mu shiga,” da Hausa, ban nemi waya ba. Na buɗe mana ƙofa, na kama ta na tashe ta.